Kwamfutar Marigayi Ta Saka Ni Cikin Sauran Mutane

"Ba ki da izini." Haka Hadiza, ƙanwar mijina, ta fassara mini abin da kwamfutar marigayi ta rubuta. Ina cikin takaba a ɗakinmu na unguwar Misfala, muryarsa kawai nake nema, karatun Alƙur'anin da ya ɗauka ya adana.

Ta ce izinin kowane fayil kashi uku ne: na mai shi, na rukuninsa, sai na sauran mutane.

Na ce, "Ni ina cikin wanne?"

Ta sunkuyar da kai. "Sauran mutane, Yaya."

Shekara ashirin da biyu ina tuƙa masa tuwo. Mutumin da ko ƙofar gida bai iya kullewa ba, ashe fayil ya iya.

Na ba ta kalmar sirrinsa da ya taɓa faɗa mini, ta buga wani abu wai chmod don ba ni izini. Ta ce, "In haɗa miki da izinin canzawa?"

Na ce, "A'a. Bar ni da na buɗewa, kada hannuna ya ɓata shi."

Sai ga muryarsa, har da tarin nan nasa kafin Bisimilla.

Ku da kuka yi rashi, me kuka tarar a kulle?