Kashin Giwa a Hular Malam Ja'afaru

A Unguwar Gai, in allurar mace ta karye ko kanwarta ta ƙare, ba ta zancen zuwa kasuwa. Cewa take, "Bari Malam Ja'afaru ya wuce." Igiya da tabarma yake sayarwa tun yana saurayi, ya ɗaure su a bayan keke ya ci kasuwar Rano, ya ci ta Kibiya, wani lokaci har Rurum. Amma ba da igiya aka san shi ba, da sallahu aka san shi. Ba ya cewa a maimaita masa. In ya ji sau ɗaya, sai ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ya shiga." Da yamma ka gan shi ƙofa-ƙofa: zaren wance, daddawar wance, batirin rediyon Malam wane. An taɓa ba shi sallahun murfin buta, murfin kawai ban da butar, ya kuwa kawo.

"Ni dai ba a taɓa ba ni sallahu na dawo hannu sake ba," haka yake faɗa in hira ta yi daɗi a gindin darbejiya.

'Yarsa Rahma tana aure a Rano. Mijinta Salahuddeen malamin firamare ne, mutum mai shiru-shiru. Surukutarsu irin ta da ce. Salahuddeen ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa kai a ƙasa, Malam Ja'afaru kuma ya amsa gaisuwa yana kallon bango. Ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, sunansa ma bai taɓa kama shi ba, sai dai "Malam".

Bara da rani malaman makarantar su Salahuddeen suka shirya zuwa Yankari, gandun dajin nan na jihar Bauchi, kallon namun daji, kowa da iyalinsa. Rahma ta kafe sai an tafi da babanta.

"Baba, kullum kana kan hanya saboda mutane. Ka yi tafiya ɗaya dai don kanka mana."

"Kallon dabba? Ni da akuya ke kwana a ƙofar ɗakina?"

"Har da giwa fa, Baba."

Ya ɗago kai. "Giwa dai giwa?"

"Da haurenta."

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Dije, yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta aika aka kira shi.

"Ja'afaru, an ce dajin giwaye za ka."

"Haka yara suka ce, Yaya."

"To, kashinta nake so. Jikan nan nawa firgita yake a barci, hayaƙi zan yi masa. Sabo za ka kawo, ni zan shanya abina."

Ya gyara hula. "Ya shiga."

Bai gaya wa Rahma ba. A ganinsa wannan ba abin faɗa ba ne, sallahu ne kamar na gishiri.

Da suka isa masaukin baƙi na dajin, gwaggon biri ne ya yi musu sannu da zuwa, ya fizge burodi a hannun matar wani malami ya haye rufin ɗaki. Kowa ya yi dariya. Malam Ja'afaru ya zaga bayan mota ya ci nasa guzurin, don kada surukinsa ya ga bakinsa na motsi.

Da safe aka zuba su a wata babbar mota mai buɗaɗɗen baya da bencina. Salahuddeen na gaba, don haka Malam Ja'afaru ya zaɓi can ƙarshe, kusa da tsani. Ɗan rakiyarsu, wani mai kaki da bindiga a kafaɗa, sunansa Ƙasimu, ya tsaya ya yi musu gargaɗi.

"Jama'a, ba a sauka. Ba a hayaniya. Ba a ɗaukar komai, ko da ganye ne. Ganin giwa kuma sa'a ce, da yawa sun zo sun koma ba su ganta ba."

Malam Ja'afaru ya ji. Sai dai a zuciyarsa abin da dabba ta zubar ta yi gaba ba ya cikin "komai".

Suka ga gwanki, suka ga mugun dawa da 'ya'yansa jela a sama, suka ga kada a bakin ruwa kamar gungume. Rana ta ɗaga, yara sun fara gajiya, sai Ƙasimu ya bubbuga kan motar. Direba ya tsaya ya kashe inji. Ƙasimu ya nuna karyayyun rassa, ya nuna wani tsibin kashin giwa a gefen hanya, daidai bayan motar, ko ƙuda bai gama taruwa a kansa ba.

"Ba su yi nisa ba," ya ce cikin raɗa. "Kowa ya kama bakinsa."

Can gaba itatuwa suka motsa. Wani abu mai ruwan toka ya ɗaga, kunne ne kamar faifai. Kowa ya miƙe a hankali, waya a sama. Mutum ɗaya ne bai kalli gaba ba. Malam Ja'afaru ya lallaɓa ya bi tsani ya sauka. Ya laluba aljihu, ashe ledar da ya tanada tana masauki. Ya waiga, babu mai kallonsa. Sai ya cire hularsa ta Sallah, ya durƙusa, ya sa hannu biyu.

"Wayyo Allah! Tsoho ya sauka!"

Wata mata ce ta kwatsa ihu. Giwa ta amsa da wata ƙara mai ƙarfi, rassa suka hau karyewa, shi ke nan daji ya haɗiye su. Ƙasimu ya dira, ya cafko rigar Malam Ja'afaru, ya tura shi sama.

"Baba, mutuwa kake nema? Me ka sauka yi?"

Ya ɓoye hular a bayansa.

"Mene ne a hannunka?"

"Sallahu ne."

"Sallahun me?"

Wari ne ya ba da amsa. Wani malami ya toshe hanci ya ce, "Tsarabar Bauchi ke nan!" Wasu suka fashe da dariya, amma ba kowa ba. Matar nan ta ce, "Tun daga Rano muka taso, mu ƙare da ganin kunne ɗaya!" Wata yarinya ta sa kuka, ita ko kunnen ba ta gani ba.

"Wa ya zo da dattijon nan?" in ji Ƙasimu.

Rahma ta ja mayafi ta rufe fuska. Salahuddeen ya tashi, ya ratso bencina, ya durƙusa a gaban Ƙasimu kamar yadda yake yi a zauren Unguwar Gai.

"Babana ne. Laifina ne, ban yi masa bayani sosai ba. A yi haƙuri, don Allah."

Ƙasimu ya sauke murya. "Tashi, Malam. Baba, zubar."

Malam Ja'afaru ya juya, ya kaɗe hular a gefen mota, sanƙonsa na ƙyalli a rana, a gaban surukinsa da bai taɓa ganin kansa a buɗe ba. Salahuddeen bai ɗago ido ba. Ya cire tasa hular ya miƙa wa Rahma, ita ta miƙa wa babanta. Ta yi masa yawa, ta sauko har kunne. Haka ya zauna a cikinta har Rano.

Da ya doshi gidan Dije, ya wuce kashin jaki a kan hanya. Ya tsaya ya kalle shi. In an murmushe da ɗan ciyawa, wa zai gane? Ya yi tsaki ya wuce.

"Ja'afaru ne? Sannu da hanya. Ina abina?"

"Yaya, ban kawo ba."

"Kai ɗin?" Ta matso ta ƙura masa ido. "Hular wa ce wannan?"

Ya ba ta labari, kansa a ƙasa. Ta kama haɓa.

"A gaban surukin naka?"

"A gabansa."

"Innalillahi! Ai da na sani da na ce ka karɓo mini wurin 'yar mai ganye a kasuwar Rano. Ga shi nan a ƙulle-ƙulle. Na dai ce tunda wurin masu shi za ka..."

Ranar kasuwa ya sayo mata. Hular kuma ya sa aka wanke aka goge, ya ba Rahma ta mayar, ba saƙo.

Har yau yana karɓar sallahu, amma kafin hannunsa ya kai hula sai ya tambaya, "A kasuwa ake sayar da shi?" Maganar nan tasa ta gindin darbejiya ba a ƙara jin ta ba. In matasa suka tsokane shi, "Malam, wai yaya giwa take?" sai ya ce su tambayi Rahma, shi bai ganta ba.

Salahuddeen yana zuwa gaisuwa kamar da, bai taɓa ta da zancen ba. Sai dai in ya yi sallama a zaure, Malam Ja'afaru yakan daɗe a ɗaki. Matar Malam Ja'afaru ta ce tsaye yake yi a bakin ƙofa, ya danna hula da hannu biyu, ya sake dannawa, sannan ya fita.