Fuskar Ja-Numfashi

A asibitin nan ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Ja-Numfashi ake ce masa, don aikin bakinsa ke nan tun safe har a tashi: "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Shi ke ɗaukar hoton cikin jiki a ɗaki mai sanyi na ƙarshen baranda, inda gado ke zura mutum cikin bakin na'ura.

Hannunsa kowa na yabo, yana kwantar da tsoho kamar mai ajiye ƙwai. Fuskarsa ce matsalar. Ko me ya gani a allo, ba ta motsi, amsarsa kuma ɗaya ce: "Likita zai yi bayani." Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce sanyin ɗakin ne ya shige masa zuciya.

Sai ga autarsa ta kamu da ciwon baya mai hana barci. Ta sha maganin ciwon jiki ya lafa, can ya dawo, har kafaɗarta ta fara karkata. Likitan ƙashi ya ce a ɗauki hoton ƙashin bayanta. Kalmar ciwon daji ba wanda ya furta a gidan, amma da ita kowa ke kwana.

"Baba, ni ma ja numfashin za ka ce min, ko 'yan gida suna da rangwame?" in ji Auta tana hawa gadon.

"Kwanta, sarkin surutu."

Hoton ya fito. Ɗan ƙulli ne bai kai ƙwayar wake ba, gefensa a tsare, ƙashin da ke kewaye da shi ya yi kauri. Ya sha ganin irinsa: ƙari ne mai zama wuri ɗaya, ba ya yaɗuwa. Dariyar farin ciki ta taso masa.

Da ya buɗe ƙofa sai ya ga matarsa a kan benci, kusa da wata tsohuwa. Hoton ɗan tsohuwar ya ɗauka kafin na Auta, kuma ƙashin wancan kamar gara ta ci katako. Su biyun suka ɗago ido tare.

"Baban Auta, me ka gani?"

"Likita zai yi bayani."

"Ni za ka yi wa wannan karatun? Ni fa na haife ta!"

Ya haɗiye dariyar. Tsohuwar ta riga ta ga fuskar da ya fito da ita ɗazu. In yanzu ya yi murmushi, ta gama sanin na ɗanta, a baranda, ba likita, ba mai riƙe ta. Abin da yake tsarewa ke nan duk shekarun nan, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Da likita ya duba hoton, ya ce ba daji ba ne, ƙaramin aiki zai raba Auta da shi. Uwar Auta ta fito ta tare mijin a bakin ƙofa.

"Ka sani, ko? Ka bar ni ina mutuwa a zaune!"

Ya dubi bencin. Tsohuwar na nan, ba a kira ta ba tukuna. Matarsa ta bi idonsa. Sai ta gyara fuskarta, ta koma ta zauna kusa da tsohuwar.