Askin Juma'a

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, amma aikin da ya fi tara mini jama'a sai bayan na ajiye alli na same shi, wato fassarar fim a shagon tela. Telan maƙwabcina ne a nan Madarumfa. Yana da tele, wato talabijin, da wutar sola, ba ya jin Faransanci. Ni kuma ina jin Faransanci, ba ni da abin yi. Da an sauko daga la'asar sai ya ture keken ɗinki gefe, mutane su cika benci biyu, a ajiye mini kujerar roba a gindin tele, na ciki su yi magana ni in juya ta da Hausa. Kowa a garin nan Mushe yake kirana, wato Monsieur na Faransanci, kamar yadda ake kiran duk malamin lakwal a wajenmu, har waɗanda suka girme ni. Mutum ɗaya tak ke ce mini Baba, shi ne ɗana.

Fim ɗin da ya ci ni mai dogon zango ne, labarin wani Bature da ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya, ba gaba tsakaninsu, ba kuma don ya ƙwaci wani abu ba. Tun ranar farko aka nuna mana fuskarsa, saboda haka babu wani neman mai laifi. Abin da fim ɗin ke tono shi ne yadda aka yi ɗan mutum ya zama haka. Kullum sai a bar gawa a kwance a koma da mu yarintarsa. Da farko mutanena sun yi ta ƙorafi. Wani tsohon masunci da ba ya fashin zuwa ya ce, "Mushe, a kai mu wurin jandarma mana. Mi za mu yi da ƙuruciyar la'ananne?" Amma kafin sati ya zagayo, shi ke riga kowa kama wuri.

Wata rana aka nuno wata likitar ƙwaƙwalwa tana yi wa masu bincike bayani. Ta ce akwai alamomi uku da akan gani tun mutum yana yaro: azabtar da dabbobi, wasa da wuta, da fitsarin kwance har a girma. Na juya musu maganar tiryan-tiryan, har da ɗaga yatsu irin na aji. Shago ya kece da dariya.

"In haka ne, duk Madarumfa babu na kirki," in ji masuncin. "Wane ne nan bai harbe ƙadangare ba? Wa bai sa ma ramin gahiya wuta ba? Na ukkun ko, kowa shi yi shiru da nashi."

Ana cikin dariyar sai tela ya nuna ni da almakashi. "Mushe, ai ɗan wajenka ya haɗa ukkun duka. Ka riƙa kulle ƙohwa hwa."

Wasa yake yi, kuma mun saba. Na zage shi, ya rama, aka ci gaba da kallo. Amma ina tafiya gida ina lissafi a zuci, kuma lissafin yana fita daidai.

Uwar yaron ta rasu yana da shekara shida, ban sake aure ba, mu biyu muka rage a gidan. Daga rasuwarta ya fara jiƙa tabarma, bai daina ba har ya kai sha biyu. Na yi duka, na hana shi shan ruwa da yamma, na karɓo rubutu. Da na gaji sai na yi abin da aka yi wa na gabanmu. Na sa aka ɗora masa jiƙaƙƙiyar tabarmar a ka, aka ɗaura masa kwaɗo a ƙugu, yaran unguwa suka bi shi da waƙa da tafi har bakin tafki. Ni, malamin da ke koya wa 'ya'yan mutane tarbiyya, ina tsaye a ƙofar gida da hannu a baya. Bai yi kuka ba. Ya dawo, ya shanya tabarmar, ya zauna a bayan ɗaki har magariba. A cikin fim ɗin ma uban yaron ya rataye jiƙaƙƙen zanen gado a taga don duk layi su gani, kuma da na zo fassara wurin har da ƙarin gishirina, na ce wannan uba ba shi da imani.

Wutar kuwa gafiya ya bi da hayaƙi, iska ta kwashi wutar ta cinye tarin karan maƙwabci da harawarsa. Dabbar kuma wata kyanwa ce da ta cinye masa tantabaru biyu, ya ɗaure ta a buhu ya jefa a tafki. Ko wane gida a garin nan yana da irin wannan labari. Na san haka sarai.

Lokacin da nake ba da labarinsa ya kai sha tara. Yana bin masunta, kuma duk bakin tafki an san hannunsa wurin gyaran kifi, kafin ka ƙifta ido ya farke ya wanke ya jera. Kullum sai ya keɓe mini mai kyau ya kawo gida. Ba shi da surutu, ba shi da abokan yawo. Tun da hannuna ya fara rawa shi ke yi mini aski duk Juma'a da hantsi, a inuwar bedi, itacen dogon yaro da ke tsakar gida, da askar da na gada wurin mahaifina. Ya ɗumama ruwa, ya ajiye kujera, ya yafa mini tsohon zane a kafaɗa. Ba ma hira. Amma duk sati ba ni da lokacin da ya fi mini wannan daɗi, kuma ban taɓa gaya masa ba.

Daga ranar likitar nan na fara kallon ɗana da wani ido. In yana wasa wuƙa a dutse sai in tsaya daga ɗaki ina leƙe. In ya yi shiru sai in ce me yake saƙawa, alhali shirun nan da shi na san shi. Abin da ya ƙarasa ni shi ne wurin da aka nuno maƙwabtan mai kisan suna cewa yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga ido, shi ke ɗaukar wa tsofaffi kaya. Shi ke nan, ladabin ɗana ma ya zama shaida a kansa. In ya kawo kifi alama ce, in ya durƙusa ya gaishe ni alama ce. Babu abin da yaron nan zai yi ya fita, domin ba abin da ya yi nake tsoro ba. Abin da na yi masa nake tsoro. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na san zato zunubi ne, na yi istigfari, na yi wa kaina faɗa irin wanda nake yi wa dakikan ɗalibai, duk a banza.

Wata ranar Alhamis na bi ta kasuwa na zauna gaban wanzami. Washegari yaron ya fito da kujera da ruwan ɗumi, ya ga kaina fes.

"Baba, ka riga ka yi?"

"Na biyo ta kasuwa ne, na ce in hutar da kai."

Ya mayar da kujerar. Sati na biyu ma haka, sai dai wannan karon bai tambaya ba, ya dubi kaina kawai ya zubar da ruwan a gindin bedi. Kunya ta kama ni. Na ce wannan hauka ya isa, sati na uku zan zauna.

Na zauna kuwa. Ya yafa zanen, ya shafa sabulu, ya fara daga ƙeya kamar kullum. Ina jin tafin hannunsa na hagu a kaina yana juya shi a hankali, hannu mai kaushi mai ƙarnin kifi kaɗan. Har ya gama kai lafiya, na fara yi wa kaina dariya a zuci. Sai ya zo gyaran ƙasan gemu. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga haɓata sama, wuyana ya miƙe, sanyin aska ya sauka a maƙogwarona.

Ban san lokacin da na cafke wuyan hannunsa ba. Riƙo na yi masa da duk ƙarfina, irin wanda ake yi wa ɓarawo. Fizgar da na yi ce ta sa askar ta ɗan yanke ni, jini ya ɗiga a zanen.

"Baba, lahiya? Mi ya hwaru?"

Ban saki ba. Ya dubi hannuna a kan nasa, ya dubi fuskata, ya daɗe yana dubawa. Na ga lokacin da ya gane.

"Ashe gaskiya ne," ya ce a hankali.

Sai daga baya na ji cewa maganar tela ta daɗe da isa bakin tafki. Makonni ke nan ana kiransa mai ukku, ana cewa a ɓoye wuƙaƙe ga shi nan tafe, yana murmushi yana wucewa, don ya ɗauka shegantakar gari ce kawai.

"Baba, tsorona kaka ji?"

Ga ƙofa a buɗe. Da na ce e, tsoro nake ji, kuma ga dalili, na zalunce ka kana ƙarami ban taɓa neman gafararka ba, wataƙila da yau yana nan. Amma girman kai rawanin tsiya ne, kuma na daɗe da naɗa shi. Muryar aji ce ta fito daga bakina.

"Kai, ruhe mini baki! Hannunka ne ke rawa."

Hannunsa bai taɓa rawa ba, mu biyu mun san hannun wa ke rawa a gidan. Ya danna mini auduga a wurin yankan, ya ƙarasa gyaran gemun, don bai taɓa barin aiki rabi ba. Ya wanke askar, ya goge, ya naɗe ta a tsummanta, ya ɗora mini a gwiwa.

Kifi bai daina zuwa ba, gaisuwa ma haka. Kujerar ce ba ta sake fitowa ba. Da aka gama girbin gero ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce zai bi samarin da ke tafiya arewa haƙar zinariya. Ban tambaye shi dalili ba, don kada ya faɗa. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ya ce amin, ya ɗauki jakarsa.

Na ci gaba da zuwa shagon tela, gidan ya yi mini faɗi. A kashi na ƙarshe aka nuno uban mai kisan, ya tsufa, ya je gidan kaso ya zauna gaban ɗansa. Ya ce ni na fara, kai yaro ne ba ka da laifi a lokacin, ka yafe mini. Na juya musu da Hausa mai kyau, muryata ko gargada ba ta yi ba. Masunci ya share ido da hularsa, tela ya ce, "Mushe, yau ka yi hwassara." Sannan likitar nan ta sake fitowa, ta ce yawancin yaran da ke da alamomin nan suna girma su tsufa ba su cuci kowa ba. Sai a kashi na ƙarshe ta ga damar faɗa. Wannan ban fassara ba, na tashi na fita.

Tela ya biyo ni gida washegari yana ba da haƙuri. Na wanke shi tas, na ce kada ya ƙara taka mini ƙofa. Ya tafi da kunya, na zauna da tawa, domin ba hannun tela ne ya riƙe yaron ba.

Wata bakwai ban ji muryarsa ba. Wanzami nake zuwa in gashi ya dame ni, wani lokaci in bar shi in danna hula. Askar tana nan a naɗe yadda ya bar ta. Sai wani daga cikin samarin ya dawo da ciwon ƙirji, ya ba ni lambar da ake samunsu. Na ajiye ta kwana huɗu a aljihu. Ranar Juma'a da hantsi na fito da kujerar da kaina, na zauna a gindin bedi, na kira. Aka yi ta miƙa wayar daga hannu zuwa hannu, ina jin iska da ƙarar inji, har na ji sallamarsa.

Na tambayi lafiyarsa, ya ce lafiya lau. Na tambayi aiki, ya ce da godiya. Sai na faɗa masa. Na ce ni na fara, kai yaro ne ba ka da laifi, ka yafe mini. Ina faɗa ina jin kunya, don ko neman gafarar ma ba tawa ba ce, ta Baturen nan ce na ara, ban iya samo tawa ba. Wannan karon muryar ta yi gargada.

Sannan ya yi magana cikin ladabinsa na kullum, babu fushi ko kaɗan, irin yadda ake amsa wa dattijon unguwa.

"Ba komi, Mushe. Ya wuce."