Bencin Baya na Kaka Saratu

Iliya ya cire sunan kakarmu daga dutsen cocin ƙauyenmu, kuma da gangan ya yi. Taubashina ne, ɗan Kawu Barnaba, dikin ne a cocin Baftis na can gida, kudu da Zariya. Shi aka ba shugabancin kwamitin sassaƙa sunayen waɗanda suka kafa ikkilisiyar a jikin dutse, a bakin sabon gini. Hoton ya iso ni a waya ina zaune a ƙofar wani shago a unguwar Jarwal, nan Makka, ina jiran la'asar in koma bakin aiki. Na karanta daga sama har ƙasa, na sake daga ƙasa har sama. Barnaba ne na biyu. Saratu, wadda ta haifi Barnaban, babu ita.

Ni Musulmi ne, ubana ma haka. Direban babbar mota ne, ya auri uwata, ita kuma ta rasu ina goye. Ya kai ni wurin uwarta, ya roƙe ta abu ɗaya: ta bar ni a addininsa. Ta ce ta ɗauka. Yau sama da shekara ashirin ina Makka, ina tura tsofaffi a arabiyya, keken nan na marasa ƙarfi, tsakanin Safa da Marwa. Maƙwabcina a unguwar Tandabawi da na nuna masa hoton cewa ya yi, "Khalas, bar zancen ya Musa, mene ne naka a dutsen coci?" Nawa a ciki shi ne matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Iliyan nan ba ya barin mu mu huta a zauren dangi na waya. Kullum saƙon murya. Wai coci ta lalace. Wai yanzu sai ganga da lasifika da 'yan mata masu wando, ba horo, ba tsoron Allah. "Iyayenmu na da, su ne masu aminci," in ji shi. "A zamaninsu ikkilisiya uwa ɗaya uba ɗaya ce." Ina ji ina tura wata hajja 'yar Indonesiya, sai na ji kamar in jefa wayar a ƙasa. Na ga zamanin nan da idona. Ina wurin.

Bayan an ci tuwo, Kaka takan tara karan dawa a tsakar gida ta hura wuta, ta binne gyaɗa ko dankali a toka. Mu huɗu ne ko biyar, har da Iliya, wanda kullum shi ke zama ta inda hayaƙi ba ya zuwa. Hannuwanta nake tunawa. Tafin ya yi kanta kamar bayan ƙwarya, in ta ɗauki garwashi da yatsa ta mayar cikin wuta ko a jikinta. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta ce, "To, ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, Kaka." Ta ce, "Wanda ya yi barci, gyaɗarsa tawa ce."

Akwai wadda take yawan maimaitawa, har muna gunaguni. Wai dabbobi ne ruwan sama ya dame su, suka ce su gina ɗaki ɗaya da kowa zai fake. Zakara ya ce shi ne mai kira. Bunsuru ya ce shi ne mai tsara magana, tunda yana da gemu. Jaka kuwa ita ta yi ta jigilar ƙasa da ruwa daga rafi, har bayanta ya yi gyambo. Ana cikin aiki ta tsinci ɗan maraƙin barewa, uwarsa ta mutu, ta riƙa ba shi nono. Da aka gama ɗaki, bunsuru ya ce, "Wannan ɗan na daji ne. Ko ki koya masa kukan gida, ko ki tsaya a bakin ƙofa." Jaka ta ce, "Uwarsa ba ta bar mini shi don in sauya masa murya ba." Sai ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ciki, bayanta a waje, ruwa na dukan gyambon.

"Sai me, Kaka?"

"Sai ta mutu mana. Jaka dutse ce?"

Bayan ta mutu, 'ya'yan bunsuru suka riƙa ba jikokinsu labari cewa a da kowa da kowa ɗaki ɗaya yake shiga, ba a taɓa barin wani a ruwa ba. Sai dai akwai sawun kofato a gindin bango, tun ƙasa na ɗanya. Duk rani su yaɓe shi, duk damina ya fito.

Iliya yakan ce, "Wannan jakar wawuya ce. Me zai hana ta kori barewar ta shiga ciki?" Kaka ta yi dariya ta tono masa dankali mafi girma. "Ci, fasto," in ji ta. "Kai dai bakin ubanka ka ɗauko." Daga nan ta kakkaɓe zane ta ce baƙuwa ta tafi, kowa ya nemi tabarmarsa.

Ni a lokacin labarin jaka kawai nake ji. Alhali duk Lahadi ina raka ta coci, in zauna a gindin ɗorawa in jira, kuma ta taga ina ganin inda take zama. Bencin baya, dab da ƙofa, inda feshin ruwa ke shigowa. A can ake zaunar da wanda ikkilisiya ta sa wa horo. Masu zina da mashaya burkutu sukan yi wata uku ko shida a kai, su tuba, su koma gaba. Kaka ta yi shekara goma sha ɗaya. Ranar jibin Ubangiji, da ake raba wa masu bi gurasa, faranti yakan zo har bencin da ke gabanta ya juya. Wanda ke riƙe da farantin ɗanta ne, Kawu Barnaba.

Laifinta ni ne. Ta saya mini buta. Tana tura ni wurin malam a unguwar Fulani. Da azumi ita ke tashina sahur, ta dama mini kunu, ta koma gefe tana rera waƙarta ta coci a hankali. Dattawa suka ce ko ta daina, ko ta koma baya. Ta ce ta yi wa mutum alkawari a kan gawar 'yarta. Ba ta bar cocin ba, ko Lahadi ɗaya. Ita ke fara zuwa, ta share, ta buga tsohon ƙarfen mota da suke ƙararrawa da shi, sannan ta je ta zauna a bencinta. Kuma daɓen da duk suke durƙusawa a kai ita ta jagoranci zumuntar mata suka yi shi, kwana da kwanaki suna duka da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba. A nan hannuwanta suka yi kanta.

Sai da na tsufa a bayan arabiyya na gane. Wata rana na tura wata tsohuwa 'yar Sakkwato, ba ta da nauyin komai, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, Allah ya jiƙan wadda ta rene ka." Na kasa cewa amin da ƙarfi, na kasa yin shiru. Na kai ta Marwa ina sharar ido da hannun riga. Ashe duk daren nan Kaka labarin kanta take ba mu, ɗan bunsuru na zaune yana cin dankalinta.

Ni ban san littafinsu ba, aji huɗu na yi a firamare. Ban ce na da duk mugaye ba ne. Sun yi tafiyar ƙasa zuwa wa'azi, sun gina ɗakin sujada da hannunsu, ba wanda ya biya su. Amma in ana maganar aminci, mutum ɗaya na gani da ta riƙe Allahnta ta kuma riƙe alkawarinta, duka biyun, ba ta saki ko ɗaya ba. Ita ce suka ajiye a bakin ƙofa. Na yanzu da Iliya ke zagi, faston nasu yaro ne, da gangarsa da lasifikarsa. Na kira shi daga nan. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Baba, ban san wannan ba. In kwamiti ya yarda, gobe a ƙara sunan." Kwamiti kuwa Iliya ne. Ya aiko mini cewa wadda ta mutu cikin horo ba ta hawa dutse, haka tsarin iyaye yake.

Da na samu hutu bayan aikin Hajji na tafi gida. Kafin in nemi Iliya sai da na nemi maginin da ya yi sabon ginin. Ya ce sun rushe bango sun faɗaɗa, amma tsohon daɓen na tsakiya ya gagari diga, sai suka shimfiɗa tayil a kansa.

Na sami Iliya a harabar coci ranar Asabar, yana sa yara goge dutsen. Ya washe baki. "A'a, Alhaji bawana! Ina dabinona?" Wasan taubasai ke nan. Ban karɓa ba.

Na ce, "Iliya, ban zo roƙo ba, na fasa. Riƙe dutsenka. Ubanka ya wuce uwarsa da faranti shekara goma sha ɗaya, kai kuma ka wuce ta da guduma, ka ce aminci ne. Ka daina aiko mana kukan zamanin da. Ni da kai muka zauna a bakin wutar nan, ka san wace ce jakar, ka san wane ne bunsurun. Gobe in ka shiga ka zauna a bencinka na gaba, ka durƙusa za ka yi addu'a, ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke ƙarƙashin gwiwarka. Hannun Saratu ne a wurin. Shi kuma ba ka da digar da za ta cire shi."