Ƙusoshin da na ɗura wa bindigar Baba

Bindigar Baba tsohuwa ce, mai zane a murɗe cikin bututu. Darma kaɗai take ci, albarushi kuwa ba ya wuce yatsu uku. Haka ya koya mana, ni da yayana.

Lokacin yaƙin Faransa darma ta ɓace a kasuwar Sassumbrum, ga gadu yana tone mana gyaɗa. Na sassare ƙusoshi na ɗura wa bindigar, na ƙara albarushi, ban faɗa wa kowa ba. Yaya ya riga ni ɗaukarta.

Da ya harba, bututun ya fashe. Hannunsa na hagu bai ƙara riƙe hauya ba.

Ya ce, "Tsufa ta yi, ƙanena."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ni na riƙa nome masa gona. Har ya rasu yana gode mini, ban gaya masa ba.