Lauyar Dalma Ta Rufe Ofis

Kafin ta wuce ofis, sai ta biyo ta ɗakin yara na asibitinmu. Haka ta saba tun ina sabuwar ma'aikaciyar jinya har furfura ta fara leƙo mini ta gefen hula. Takan shigo da baƙar jaka a hammata, ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya bakin gadon duk yaron da aka kawo da jijjiga, ta sunkuya ta tambayi uwar: "Mama, a ina kuke zaune? Maigidan wane aiki yake yi? Da kayan aikin yake shigowa gida?" Daga nan ta nufi ɗan ɗakin da take haya a saman wani kantin magani, inda fanka ke juyi kamar ana roƙonta.

Mu Lauyar Dalma muke ce mata. Ƙarshen watan nan za a rufe wannan ofis, kuma na san babu wanda zai shirya mata taron ban kwana. Shi ya sa na ɗauki biro.

Tana ɗalibar shari'a a jami'a na fara ganinta. Ta zo taya yayarta jinyar ɗanta, yaro mai surutu da aka ce ba ya barin kowa ya yi barci. Gwaji ya nuna gubar dalma ce ta cika masa jini. A bayan unguwarsu akwai masana'antar da ake fasa tsofaffin batura ana narkawa, hayaƙin yana sauka a kan shanya, a tukunya, a ƙasar da yara ke wasa. Yaron ya rayu, amma bakinsa bai sake buɗewa ba har yau.

Ina tsaye ta tare likita a ƙofa.

"Likita, wa za a kama?"

"Babu kowa, 'yata. Babu dokar da ta hana."

Da wannan magana ta koma makaranta. Ta nemi darasin dokar lafiyar al'umma, wanda ɗalibai ke gudu don ba ya kai mutum ko'ina. Abokan karatunta suka sa ta a gaba: "Ke wa za ki kai ƙara, sauro ko ƙuda?" Mahaifinta ma bai ji daɗi ba. Ya ce, "Na tura ki ki zama alƙaliya, kin koma bin kwata." Ta ce, "Baba, jikanka ne ya aike ni." 

Bayan ta gama, ta bi gida-gida tana lallashin iyaye su yarda a gwada jinin 'ya'yansu. Na gan ta durƙushe da rigar lauya tana ɗibar ƙasar tsakar gida a leda. An kore ta daga ƙofofi, an ce kuɗin Turawa take nema da ciwon 'ya'yan mutane. Shari'ar ta yi ta jan ƙafa, a ɗage yau a ɗage gobe, har wasu shaidun suka rasu. Ranar da kotu ta ba da umarnin rufe masana'antar, mun yi guɗa a ɗakin yara har shugabarmu ta leƙo ta ce asibiti ne nan.

Murnar ba ta yi nisa ba. Yawancin mazan unguwar a can suke aiki, aka sallame su duka. Wata rana Maman 'Yan Biyu, wadda ita ce ta fara ba da shaida a kotu, ta tare ta a barandarmu, goye da ƙaramin.

"Anti Lauya, don Allah ki janye ƙarar nan."

"Maman 'Yan Biyu, ke ce da wannan magana? Dubi ɗanki fa."

"Na dube shi. Dalma a hankali take kisa, yunwa kuwa ba ta jira. Ubansu na zaune a gida ko kallona ba ya yi. Kin raba mu da guba, to me za mu ci?"

Lauyar da ke tsayawa gaban alƙali ba ta ko ƙifta ido, sai ga ta ta juya da sauri. Ta shige ɗakin ajiyar magungunanmu ta turo ƙofa. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce mini, "Sista, gaskiya ta faɗa. Rufewa ba magani ba ce. Doka ake bukata, wadda za ta sa a yi aikin ba tare da an kashe kowa ba."

Nan ta shiga kashi na biyu na wahalarta. Ta tsara daftarin doka: a matsar da wurin narka batir nesa da gidaje, a sa matatar hayaƙi, a riƙa gwada jinin ma'aikata da iyalansu. Shekaru ta kwashe tana zaman benci a ƙofar kwamitocin majalisa. Wannan shugaba ya ce ta dawo bayan hutu, wancan ya sauka, sabon ya ce bai san zancen ba. A ƙarshe aka zartar da dokar. Sai dai duk inda ta rubuta "wajibi ne", an mayar da shi "ana iya". Ta kawo mini ita tana dariyar da ta fi kuka ciwo: "Sun cire mata haƙora, sun miƙo mini wai in taka rawa."

Masu masana'antar kuwa tuni sun tsallaka gada, sun kafa a wata unguwar da umarnin kotu bai kai ba. Yanzu daga can ake kawo mana yara.

Lauya, ke ce tururuwar da ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta ba ta ajiye ba. Ke ce kika sa asibitin nan ya fara gwada dalma ba sai yaro ya sume ba, kuma akwai waɗanda ke makaranta yau saboda haka. Ba su da yawa, ba su kuma san ki ba. Sa'o'inki sun zama manyan alƙalai, ke kin tsufa a kan magana ɗaya.

Watannin baya jininta ya hau, ɓarin damanta ya shanye. Na je dubiya na ce zan rubuta wannan. Da kyar maganar ke fita, ta ce, "Sista, kada ki ce na yi nasara. Ban yi ba." Na lura da biro a hannunta na hagu, tana jan haruffa a karkace kamar 'yar aji ɗaya. Na tambaye ta na mene ne. Wai ta ji majalisa za ta sake zama don a ƙara sassauta dokar, tana so ta aika da ƙorafi da hannunta.

Mun gode, Lauya. Allah ya ba ki lafiya, ya biya ki abin da mu muka kasa biya.

Ku kuma 'ya'yanmu da ke karatun shari'a, ba zan yaudare ku ba. Hanyar nan babu tafi a cikinta, waɗanda kuke karewa ma za su iya juya muku baya, kuma mai yiwuwa ku ma a kayar da ku. Duk da haka wani ya taso. Abin kunya ne a ce gari guda, hannun hagun mace marar lafiya ne kaɗai ya rage yana cewa a'a.