Mai Zama Kan Hannuwansa

Ina shagon labule ina jiran a daje min nawa, sai ga shi: dogo, da tabarau, riga ta sha guga, takalmi ya sha hanya. Aikinsa, in ji shi, gwada wata manhaja ce da mutane ke haɗa kuɗi su sayi gida, kowa da ɗan kasonsa.

Yana miƙa wa mai shagon wayarsa sai ya zauna kan hannuwansa, wai don kada ya nuna mata inda za ta danna.

"Ba ke nake gwadawa ba, Hajiya, manhajar ce."

Ba ruwansa da fuskarta, yatsanta yake kallo. So yake ya sauka kan wani koren maɓalli da nake zaton ya daɗe yana hana shi barci. Yatsan kuwa yana can yana buɗa hoton gidan, yana leƙa tagogi.

"Wane ɗaki ne nawa?"

"Ke a ganinki wanne ne?"

"Su wa ke maƙwabtaka da ni?"

"Su wa kike tsammani?"

Da alama haka aka koya masa. Ina tausayin matarsa, in yana da ita.

Hajiya ta ajiye wayar kan yadi. Jarin shagon take tunanin taɓawa.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah, kai ka zuba naka?"

Ya zaro hannu ɗaya, ya gyara tabarau, ya mayar.

"Ke a ganinki fa, Hajiya?"

Wannan karon takalminsa yake kallo.